Ki Gyara Mini a Gaban Jama'a

Zuwa ga 'yata Memuna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa ga 'yarta. Allah ya kai ki Tamale lafiya, ya tsare motar da kika shiga da direbanta da duk wanda ke ciki, ya sa ki shiga asibitin da aka tura ki da ƙafar dama. Na sa wasiƙar nan a ƙarƙashin kwanon soyayyen naman da na ɗaura miki, don na san halinki, ba za ki wuce Nsawam ba sai kin buɗe kwanon.

Ba labari zan ba ki ba, tunda gida ɗaya muka kwana. Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki biro, ni da hannuna ya manta da biro tun da kika koya mini buga rubutu a kwamfuta. Maganar shafin cibiyar jariri ce, wanda na fassara, wanda ke zaune a wikinmu, wurin da muke tara fassararmu a intanet, da kuskure a cikinsa, wanda kika gani kika yi shiru. Ina so ki gyara shi da hannunki, da sunanki, inda kowa a ƙungiyarmu ta masu fassara zai gani. Ni ba zan gyara ba, kuma na hana kowa ya taɓa shi. Ki karanta har ƙarshe kafin ki fara tura baki.

Kina mamakin yadda na gane, ko? Takardun asibitin da muka juya zuwa Hausa don masu jego duk sun fita. Ta shayarwa ta fita, ta zazzaɓin jarirai ta fita, magajiyar unguwa tana rabawa a gidajen suna. Ta cibiya kaɗai ta maƙale, an sa mata alamar a jira. Na tambaye ki, kika ce hoton ne bai fito da kyau ba. Na sake tambaya, kika ce injin bugawa ne ya lalace. Ke da ba ki iya ƙarya ba tun kina goye, idonki sai ya koma kan yatsun ƙafarki. Sai na yafa mayafina na hau tirotiro, motar hayarmu, har Abossey Okai, wajen Fuseini, tunda shi ke kai mana bugu. Na same shi a shagonsa tsakanin tulin fitilun mota da burki, na zauna a benci na ce ba zan tashi ba sai ya gaya mini gaskiya. Ya yi ta susar ƙeya, ya sayo mini ruwan sanyi, ya tambayi lafiyar gwiwata har sau ba adadi. Da ya ga ba ni da niyyar motsi, ya ce, "Mma, ni ban san komi ba koraa. Memuna ne ya ce a tsaya da shi. Ya ce kar a gaya miki."

Na dawo Nima na ɗauko takardar Turancin, na ɗora ta gefen fassarata, na bi layi bayan layi da yatsa. Takarda ta ce a shafa wa cibiya maganin nan mai kauri da ake bayarwa yanzu a ɗan bututu, kada a haɗa shi da komai. Ni kuwa na rubuta a goge da sifirit da auduga, abin da bakina ya saba faɗa wa masu jego duk shekarun da na yi ina taimakon ungozomomi a ɗakin haihuwa. Kan takardar kawai na karanta, sauran na zubo daga kaina. Na ji kunya, ba zan ɓoye miki ba, har zufa ta karyo mini ina zaune gaban fanka. To ki riƙe wannan: abin da kika fi sani, a nan za ki fi zamewa. In an ba ki takarda kan abin da kike ganin kin haddace, ki karanta ta kamar baƙuwa, ki sa yatsa a kowane layi. Ilimin asibiti yana sauya riga, wanda kika fito da shi daga makaranta bana ma zai tsufa, kuma ba zai aiko miki da sanarwa ba.

Amma ba kuskuren ne ya hana ni sukuni ba. Ɗan Adam ajizi ne, kuma don haka ne ma muka kafa wikin, don ido da yawa su bi ta kan aiki ɗaya. Abin da ya dame ni shi ne da na bi 'yan ƙungiya ɗaya bayan ɗaya ina tambaya, sai na iske ba ke kaɗai kika gani ba. Wannan ta gani, wancan ya gani, har Awudu ɗan yayata da ke can Italiya ya gani daga inda yake. Kowa ya karanta, ya gane, ya rufe shafin a hankali kamar wanda ya leƙa ɗaki ya tarar babba yana barci. Da ba ki tare bugun ba, da yanzu takardar tana hannun matan Maamobi da sunan ƙungiyarmu a ƙasanta. Kin tare, na gode. Yanzu ga ki a mota za ki arewa. In na sake zamewa gobe, wa zai tare?

Na zauna na nemi inda wannan ciwo ya samo asali, ina ta laluben wanda zan ɗora wa laifi. Duk hanyar da na bi, ƙofata take ɓullowa.

Kin tuna yadda muke kafin wikin. Ni ce rumbu, ni ce maɓalli. Kowa ya fassara takarda sai ya turo mini a waya, ko ya kawo a rubuce, ni in ajiye a jakata. Ina jin daɗin haka, ban musa ba. Daɗi ne a riƙa sallama a ƙofarka ana cewa an zo wajen Mma Adiza kan maganar aiki. Sai aka yi rasuwa a Kumasi na tafi zaman makoki, jaka ta bi ni. Kafin in dawo mutum uku sun fassara takardar hawan jini, kowa bai san ɗan'uwansa yana yi ba, ta ciwon sukari kuwa ba wanda ya taɓa, kowa yana zaton tana hannun wani. A nan ne kika zo da maganar wiki. Kika ce mini kamar allo ne da aka jingina a tsakar gida, kowa na iya rubutu, kowa na iya gogewa, sai dai shi wannan allon ba ya mantuwa, yana riƙe da sunan wanda ya rubuta da wanda ya goge da abin da aka goge. Na ce miki gidan da ba ƙofa ai na awaki ne. Na ja da ke har damina ta wuce, ba don ban gane ba, sai don na gane sarai cewa jakata za ta koma jakar goro da carbi kawai. Kada ki zama jakar kowa, Memuna. Duk aikin da ba ya tafiya sai kina nan, ba ki gina shi ba tukuna. In za ki ɗauki takarda, ki rubuta sunanki a gefenta a shafin rabon aiki kafin ki fassara ko kalma ɗaya. In kin ga ba za ki iya gamawa ba, ki cire sunan da wuri ba tare da jin nauyi ba, don wani ya ɗauka.

Da na saki jakar, aiki ya yi gudu. Fuseini yana gyara a wayarsa tsakanin mai saye da mai saye. Awudu yana yi ranar hutunsa. Ni ina yi da hantsi in na gama da tukunya, in wuta ba ta yi halinta ba. Na yi zaton mun haye. Ashe a nan ne zan tafka babbar ɓarnar.

Malam Issaka kin san shi, kin kuma san Hausarsa. Mutumin da aka haifa a Maraɗi, ya koyar har ya yi furfura, in ya yi magana sai ki ji kamar a rubuta a rataye a bango. Shi ya fassara takardar gudawar yara, ya zuba mata Hausa mai nauyi, jimla ɗaya sai ta cika rabin shafi. Fuseini ya karanta ya ga matan lungunsu ba za su bi ba, tunda mu nan wata Kotokoli ce, wata Busanga, wata Zabarma, wata Dagomba, Hausa ce ta haɗa mu a bakin famfo amma ba irin ta Malam ba. Sai ya shiga ya gutsuttsura jimlolin, ya mayar da su yadda ake magana a Nima. Tarihin shafi kuwa ya rubuta ƙarara cewa Fuseini ya sauya rubutun Malam Issaka.

Washegari Malam ya yi sallama a gidanmu. Kina makaranta lokacin. Na kawo ruwa bai sha ba. Ya ce, "Maman Memuna, yaron da ni na yi masa huɗuba a kunne ranar da aka haife shi, yau shi ke jan layi a kan rubutuna, kuma an kafa sunansa a sama duniya tana gani?"

Na ga dattijo zai fita daga ƙungiya, in ya fita kuma masallaci guda zai bi shi. Ko karanta gyaran Fuseini ban yi ba. Na danna wurin da ake mayar da shafi yadda yake, gurbin da ake rubuta dalili na bar shi fayau. Sannan na kira Fuseini na ce ya sayi goro ya je ya ba Malam haƙuri. Ya je, ya durƙusa, Malam ya sa masa albarka, ni kuma na yi ta yabon kaina wai na kashe wuta. Tun daga ranar Fuseini bai sake taɓa rubutun wani ba. Ya ce shi dai a bar masa kai bugu, ya fi masa sauƙi. Sauran matasan kuwa ba sai an tara su an yi musu bayani ba, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Kowa ya koyi cewa akwai shafin da ake gyarawa, akwai shafin da ake gaisarwa a wuce. Ni na koya musu, da yatsa ɗaya.

Abin takaicin, daga baya na koma na karanta duka biyun a natse. Fuseini yana da gaskiya kan nauyin Hausar, amma garin sauƙaƙawa ya yar da layin da ke faɗin yawan ruwan da za a dama maganin a ciki, wanda shi ne ran takardar. Malam yana da layin, amma ya binne shi a tsakiyar jimlar da ba mai kaiwa ƙarshenta. Da na ce su je shafin tattaunawa, wanda ke manne da kowane shafi don irin wannan, kowa ya faɗi hujjarsa, da mun sami takarda mai sauƙin Fuseini da cikar Malam. Yanzu ga ta nan yadda Malam ya bar ta, ana yaba ta ba a aiki da ita. Saboda haka kada ki taɓa goge aikin mutum ki bar gurbin dalili a buɗe, ko da gaskiya ta ninka a wajenki. Shiru a wurin nan mari ne. Kuma in rigima ta tashi kan rubutu, kada ki kai ta zaure inda mutum biyu kaɗai za su ji. Ki bar ta inda ta tashi, a yi ta a rubuce, wanda zai shigo ƙungiya baɗi ya karanta ya san dalilin da ya sa aka tsaya inda aka tsaya. Goro a kai shi don gaisuwa, ban hana ba, amma goro ba ya yanke hukunci kan yawan ruwan da za a ba yaro mai gudawa.

Awudu ma na ɓata masa, ta wata hanyar. Mu mutanen Zango kin san inda muke yanke magana: gidan biki, gidan suna, bakin masallaci, kujerar baya a tirotiro. A wani ɗaurin aure a Alajo, muna zaune ana raba shinkafa, ni da mata biyu na ƙungiya muka ga ya kamata a jingine takardar tazarar haihuwa sai an zauna da malamai tukuna. Muka yanke, muka ci shinkafarmu, muka watse. Duk wanda ke Accra ya ji kafin magariba, don maganarmu ba ta buƙatar mota. Ba wanda ya rubuta a wiki. Awudu yana can cikin sanyi, ya kwashe ranakun hutunsa yana fassara takardar nan har ya kai ƙarshe, ya rubuta da murna cewa ya gama. Sai a lokacin wani ya ce masa ai an jingine tuntuni. Abin da ya rubuta a ƙasa kalma huɗu ce, "Da kun gaya mini." Ya daɗe bai sake shigowa ba, sai da na yi ta kira ina lallashi kamar mai bikon amarya. Yau ke ce za ki zama Awudu, kin yi nisa da bakin famfo. Za ki ɗanɗana yadda ake ji in an yanke magana ba ka nan. Na yi miki alkawari duk abin da aka faɗa a kunne a nan, zai hau shafi ran nan kafin in cire mayafi. Ke ma in kin tara naki mutanen a can, don na san ba za ki zauna ba sai kin fara juya takardu zuwa Dagbanci, ki tuna da wanda ba ya wurin. Maganar da ba a rubuta ba, ki ɗauka ba a yi ta ba.

Saura naki, wanda ya fi kusa da ƙashi.

Kina 'yar firamare, wata baƙuwa daga Bawku ta sauka gidanmu tana neman gidan 'yar'uwarta a Maamobi. Ina yi mata kwatance a gaban matan gida, na ce in ta haye gota, babbar kwatar nan, ta yi dama. Kika ɗago daga wankin kwanoni kika ce, "Mma, hagu ne." Na watsa miki hararar da ta sa kika sunkuya. Da baƙuwa ta fita na kama kunnenki na ce yaro ba ya gyara wa babba magana a gaban mutane, ko da babban ya ce rana daga yamma take fitowa. Baiwar Allah ta yi dama kamar yadda na ce, ta yi ta yawo cikin lunguna da jaka a ka, ta dawo jiƙe da zufa. Kika ajiye soso kika kama mata jaka kika raka ta ta hagu. Matan gida suka yi ta cewa Adiza ta iya tarbiyya, ni kuma kaina ya kumbura.

To ga shi tarbiyyar ta yi kyau har ta wuce gona da iri. Abin da kika yi da baƙuwar nan shi kika yi da shafin cibiya: kika bar maganata a tsaye don kada in ji kunya, kika zagaya ta baya kika ɗauki kayan a kanki. Kin zama nas, an ba ki takardar shaida, za a sa rayukan mutane a hannunki, amma har yanzu kunnen nan da na kama yana miki zafi. Na karya abu a jikinki ran nan ina zaton gyara nake yi. Ba zan bari ki tafi da shi arewa a karye ba. A can za ki tarar da manyan ungozomomi da suka girme ni, da likitocin da ba a ɗaga ido a gabansu. Wata rana ɗayansu zai ce dama alhali hagu ne, kuma ba baƙuwa mai jaka ce za ta ɓata ba, jariri ne a kan gado. Ran nan ina so bakinki ya buɗe. In bai fara buɗewa a kaina ba, ni da na haife ki kuma ba inda zan kai ƙararki, a kan wa zai fara?

Kada ki ce na ce ki zubar da ladabi. Ki durƙusa ki gaida babba, ki karɓi kayansa, ki ba shi kujera, ki sassauta murya. Mutum ake girmamawa, rubutu kuwa duba shi ake yi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mu ne muka cakuɗa biyun har muka mayar da kuskuren dattijo kamar rawaninsa, ba mai taɓawa. Kakarki da kika ci sunanta, Allah ya jiƙanta, ba ta san wannan cakuɗawar ba. In na zuba gishiri ya yi yawa a miya, a gaban surukaina take faɗa, kuma ban mutu ba.

Na san abin da kike saƙawa yanzu, kina kallon taga kina cewa ai Mma tana iya gyarawa da kanta kafin shayi ya huce. Ƙwarai ina iyawa. In na gyara, tarihin shafi zai nuna Adiza ta gyara Adiza, kowa ya sauke ajiyar zuciya, a koma gidan jiya: babba ne kaɗai ke taɓa na babba. Takarda ɗaya za ta warke, ciwon yana nan. In kuma wani can ya gyara, za a ce ya raina ni, uwarsa ta aiko shi da goro. Ke kaɗai ce in kin yi ba mai cewa raini ne, don duk Nima an san yadda kike da ni. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kin ga kuwa tamu ranar ta zo har da cibiyar a zahiri.

Kada hankalinki ya tashi kan masu jego. Na rubuta da manyan baƙaƙe a saman shafin cewa akwai kuskure, kada a buga, kada a yi aiki da shi. Na kuma gaya wa magajiya duk wadda ta haihu ta bi abin da aka gaya mata a asibiti. Amma magajiya ba ta gajiya da tambaya, duk inda muka haɗu sai ta ce ina ta cibiya, ga masu ciki sun yi nauyi a lungu. Ina ce mata tana hannun Memuna.

Ranar Asabar da kika tafi Adabraka karɓo takardunki, mun yi taron ƙungiya a barandar makaranta bayan la'asar. Ban gaya miki abin da ya faru ba, na ajiye shi don wasiƙar nan. Na miƙe a gaban kowa na karanta layin Turancin, na karanta nawa, na ce ga abin da na yi, ga kuma waɗanda suka gani suka yi shiru, ban kama suna ba amma kawuna sun sunkuya. Na juya wajen Fuseini na ce abin da na yi masa shekarun baya zalunci ne, goron nan ni ya kamata in kai masa. Ya rasa inda zai sa kansa, sai cewa yake, "Mma, ya wuce, ya wuce paa." Na ce bai wuce ba, tunda har yau hannunsa a naɗe yake. Sannan na sanar cewa shafin cibiya ba mai taɓa shi sai ke.

Malam Issaka yana zaune a kujerarsa yana jan carbi har aka kusa tashi. Na ɗauka fushi ya yi. Da aka zo addu'ar rufewa sai ya ɗaga hannu a dakata. Ya ce, "Maman Memuna, na ji. In 'yarki ta gyara naki, da sunanta, na gani da idona, to Fuseini ya koma kan nawa na gudawa, mu zauna a shafin tattaunawar nan da kuke faɗa. Amma sai na gani. Ban taɓa ganin 'yar da ta yi wa uwarta haka ba, kuma ban ce ki za ki iya ɗauka ba."

Kin ji inda magana ta tsaya. Dattijon da ya fi kowa taurin kai a Nima ya buɗe ƙofa rabi, ya sa ƙafa ya tare, yana jira ya ga abin da za mu yi ni da ke. Yana zaton ke za ki kasa don kunya, ni kuma in kasa don girman kai. Ta wajena na riga na ba shi amsa.

In kin sauka, ki yi sallolin da ke kanki, ki ci abinci mai zafi, ki kira ni in ji muryarki. Ki nemi ɗaki kusa da mutanen kirki, ki gaida maƙwabta tun ranar farko, kada ki sha ruwan da ba ki san inda aka ɗebo ba, kada kuma ki ce aiki ya hana ki karin kumallo. Bayan haka ki nemi inda waya ke kamawa ki buɗe wikin. Ki shiga da sunanki na gaskiya, ba da na ƙungiya ba. Ki goge layin sifirit ki sa abin da takarda ta ce. In kin ga wani abin bayan wannan, shi ma ki taɓa, kada ki tsaya rabin hanya. A gurbin dalili kuma ban yarda ki rubuta "ɗan gyara" ko "ƙarin bayani" ba, na san dabarunki. Ki rubuta, "Mma ta yi kuskure a nan, ga daidai." Haka nake so Malam ya karanta, haka nake so Fuseini da Awudu su karanta.

Ni kuma zan zo ƙarƙashinsa in rubuta na gode, da cikakken sunana.

Allah ya tsare mini ke a hanya da masauki, ya kare ki daga sharrin mutum da na aljan, ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga duk wanda kika taɓa. Allah ya ba ki ladabin da ba ya rufe baki, ya ba ni girman da ba ya toshe kunne. Na yafe miki duniya da lahira, har da abin da na sa ki yi mini, tun kafin ki yi. Kwamfuta tana nan a buɗe a kan tabarma, zan riƙa leƙawa bayan kowace salla, kuma kin san gwiwata ba ta son yawan tashi da zama. Kada ki bar tsohuwa tana jira.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Adiza
Nima, Accra